Na Tafi Damagaram Biyan Kuɗin Shara

Saƙon Gwaggo ya iso Kano ana saura kwana kaɗan watan Muharram ya kama. Ɗanta na fari, wanda yake taubashina, hawan jini ya kayar da shi har ɓarin jikinsa na dama ya shanye, an yi jinya a asibiti an sallamo shi, amma tun da aka mayar da shi gida ya juya fuska bango, ba ya son magana da kowa, abinci kuwa sai an yi da gaske yake karɓar loma biyu. Mahaifina yana da 'ya'ya maza da suka girme ni, akwai kuma waɗanda suka fi ni abin hannu, amma Gwaggo ta ce ni za a tura mata, domin ni ne na fi kowa rashin kunya da ɗanta tun muna yara. Baba ya ce in shirya, ya kuma tuna mini cewa cika-ciki ya ƙarato, kada in je hannu rabbana, tun da a gidanmu ɗan namiji ne yake ba ɗan mace kuɗin shara.

Na bar gida bayan sallar asuba. Hanyar Kazaure zuwa Daura ba ta da wani labari, in ban da damina da ta zauna sosai, gero da dawa sun yi kore shar dama da hagu. A Daura na sauya mota zuwa Kongolam, inda na tsaya wurin 'yan canji, na miƙa damin nairar da na ƙirga a gida ina jin kaina wani attajiri, aka miƙo mini 'yan takardun sefa da ba su ko tayar da aljihu ba. Wanda bai saba shiga Nijar ba gara ya riƙe lissafinsu tun daga bakin iyaka: da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya sefa 5 ce, saboda haka in mai shayi ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi, jika ɗaya kuma sefa 1,000 ce. Daga Ɗan Barto zuwa Damagaram jika uku aka karɓa a wurina, aka ƙara dala ɗari kuɗin kaya, saboda kwalin taliya da turamen atamfa da matan gidanmu suka haɗa wa Gwaggo.

Shingaye suna da yawa a wannan hanya, kuma yawancinsu iri ɗaya ne: a sauka, a nuna katin shaida da na rigakafi, a koma mota. Ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Kafin mu kai Matameye aka saukar da mu, sai wani dattijo Bafillace da ke cikinmu ya ɗauki lokaci yana kwance ƙullin da ya naɗe katinsa a ciki, leda cikin leda, rana tana dukanmu, ɗan wata mata yana ta tsala kuka, direba yana tsaki. Jami'in da ke karɓar katunan dogo ne, fuskarsa ɗauke da tsagen Barebari, bindiga rataye a kafaɗarsa. Ya dubi dattijon, ya ɗaure fuska, ya ce, “Kai bawana, wa ya ba ka izinin barin shanuna a daji ka shiga mota?” Gabana ya faɗi, domin a inda na fito, in mai bindiga ya fara magana da wannan murya, kowa kama bakinsa yake yi. Dattijon bai ko ɗaga kai ba, ya ci gaba da kwance ledarsa, ya ce, “Ashe har yanzu ana ba Barebari bindiga? Shi ya sa ƙasa ta ƙi gaba. Riƙe mini sandata, yaro, aikinku ke nan tun kaka da kakanni.” Jami'in kuwa ya karɓi sandar ya riƙe, yana cije leɓe, sai dariya ta ɓarke a wurin, har matar nan mai goyo ta durƙusa tana riƙe ciki, ɗan nata ya yi shiru yana kallonta. Da katin ya fito, jami'in ya ƙwace goro ɗaya daga aljihun dattijon wai harajin bawa ne, sa'an nan ya danƙa masa dala ashirin ya ce ya sha fura a hanya, kada a ce ubangidansa ya bar shi da yunwa.

Da muka koma mota, mutanen da ɗazu kowa ya haɗe rai suka shiga hira, aka fito da gyaɗa ana miƙa wa juna. Wani malamin makarantar boko da ke zaune kusa da ni, wanda kowa yake kira Mushe, ya ce mini abin da na gani ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu, domin a shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan barkwancin Nijar cikin jerin al'adun da duniya ta gada, kuma watan farko na shekarar Musulunci, wannan da za mu shiga, shi ne watan da aka fi raya shi. Ya lissafa mini masu wasa da juna: Fulani da Barebari, Fulani da Arawa, Buzaye da Zabarmawa, Gobirawa da Zabarmawa, ban da na cikin gida tsakanin taubasai ko jika da kaka. Ya ce sharaɗin wasan shi ne ba a fushi, ba a kai ƙara, ba a cutar da abokin wasa, kuma in rigima ta taso tsakanin mutum biyu har ta gagari dangi, sau da yawa abokin wasan ɗayansu ake nemowa, ya zo ya zage shi tas a gaban jama'a, ya faɗa masa gaskiyar da ko ubansa ba zai iya faɗa masa ba, a yi dariya, a tashi an shirya.

Ina buɗe baki in amsa, direba ya ji harshena. “La ilaha illallahu, ashe da Bakano a motar! Kowa ya riƙe aljihunsa.” Daga nan har Takeita bai bar ni na huta ba. Ya ce kakanninsa sun bi Sarki Amadu Kuran Daga da igwa har Gezawa a zamanin Sarkin Kano Alu, kuma har yau ana tsintar takalman da Kanawa suka zubar wajen gudu. Na ce masa labarin da muka gada shi ne sun hango badalar Kano daga nesa, sai suka tuna sun bar tuwo a wuta. Yaƙin nan gaskiya ne, an yi shi wajen 1898, an kuma zubar da jini mai yawa, ga shi yau jikokin waɗanda suka sari juna sun mayar da shi abin shan iska a mota. Sai dai da muka iso Tirmini, inda dakarun Faransa suka karya rundunar Damagaram a 1899, direban ya rage murya, ya yi wa mamata addu'a. Mushe ya ce a hankali, wannan yaƙin ba a wasa da shi, domin ba a ƙulla wasa da waɗanda suka ci shi ba.

Mun shiga gari da la'asar sakaliya. Abin da ke fara tarar baƙo a Damagaram shi ne manyan duwatsun da suka yi tsibi a tsakiyar unguwanni, gidaje suna raɓe da su. Ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni daga tasha zuwa Birni a kan dala sittin, muka bi ta gaban fadar Sarki, muka kutsa lunguna masu gidajen ƙasa da zanen ado a goshin zaurukansu. Tsohon gari ne mai ji da kansa, wanda Sarki Tanimun ya kewaye da ganuwa, kuma nan ne babban birnin mulkin mallaka har 1926 da aka mayar da shi Yamai, abin da Damagarawa ba su gama yafewa ba har yanzu. A zauren gidan Gwaggo aka yi mini shimfiɗa, aka kawo ruwan wanka rabin bokiti, aka ce in yi tattali, domin ko da damina famfon unguwar sai ya ga dama yake kawowa, sauran kwanaki kuma masu amalanke da jarkoki ake jira. Ban ce komai ba, don mu ma a Kano 'yan garuwa ne suke riƙe da mu.

Gwaggo ba ta kiran sunana, saboda sunan mahaifinta aka sa mini. Ta tare ni a tsakar gida ta ce, “Mai sunan Baba, masu sannu sun ishe mu. Tun da ya kwanta, kowa ya shigo sai ya rage murya, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya girgiza kai, ya fita. Ban kira ka don ka ƙara yawansu ba.”

Ɗakin ba haske sosai, yana ƙamshin turare da man zafi. Taubashina baduku ne, wanda jakunkuna da takalman da yake ɗinkawa suke zuwa har Agadas da Kano, ga shi kwance a kan katifa, hannun da yake riƙe basilla da shi yana ajiye a gefe. Akwai baƙi biyu zaune a kan tabarma, sun yi jugum. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, “Ikon Allah! Bawa yana kwance, ubangidansa yana tsaye da jaka a hannu. Tashi ka karɓi kayana, malalaci. An ce mini ka ji cika-ciki ya zo, ka san shara tana jiranka, shi ne ka ƙirƙiro ciwo.” Ɗaya daga cikin baƙin, wani dattijo mai carbi, ya ɗago a fusace, sai Gwaggo ta leƙo ta ce, “Taubashinsa ne, Malam,” ya mayar da kai ƙasa, amma fuskarsa ba ta saki ba. Shi kuwa mara lafiyar ko motsi bai yi ba. Haka na kwana a daren, ban san ko ya ji ni ba.

Da hantsi matarsa ta dama masa fura da nono, ta kai, ya ƙi. Na ce, “Matarmu, kawo nan, kada a yi asara.” Na zauna daidai kansa, na ɗauki ludayi, ina sha ina zuƙa da ƙarfi, ina cewa furar Damagaram ba ta da laifi in ban da ƙarancin ruwa, kuma tun da mai ita ya sallama, zan ci gaba da karɓar rabonsa safe da yamma, in na gama kuma in duba ɗakin kayan aikinsa in ga abin da zai shiga jakata. Na kai rabin ƙwarya sai na ji wani sauti daga wajen bango, mai nauyi, harshe yana ja. Na ce, “Me bawa ya ce?” Ya juyo da ƙyar, ya maimaita: “Ɓarawo.” Matarsa ta saki faifan da ke hannunta. Da ya ga ina kallonsa sai ya sa hannun hagu ya rufe bakinsa, a nan na gane abin da ya sa yake fuskantar bango, ashe kunyar bakin da ya karkace yake ji. Na ce masa, “Sauke hannunka, wa kake ɓoye wa? Bakin nan dama can a karkace yake, ciwon zuwa ya yi ya tarar.” Kafaɗarsa ta hagu ta fara rawa, sa'an nan ƙirjinsa, sai dariyar ta fito, rabin fuska tana yi, rabi tana tsaye, yawu yana zuba, hawaye yana bin kunnensa, har ta sarƙe shi da tari. Matarsa ta goge masa baki da gefen zanenta, ita ma tana dariya tana kuka. Da ya natsu, aka tayar da shi zaune, ya nuna ƙwaryar da haɓa, aka ba shi sauran furar a ludayi ya shanye, wai don kada Bakano ya ƙarasa ta.

Akwai wani maƙwabcinsu, tsohon ma'aikacin jinya da ya yi ritaya, kowa yana kiransa Majo, shi yake zuwa kullum da safe ya auna masa jini, ya miƙe masa hannu da ƙafa. Da aka ba shi labari ya yi murna, amma bai bari murna ta ɗauke mu ba. Ya ce dariya ba ta buɗe jijiyar da ta toshe a ƙwaƙwalwa, ba ta kuma maye gurbin ƙwayar hawan jini, wadda tilas a sha ta kullum ko an ji sauƙi. Abin da take yi, in ji shi, shi ne ta dawo wa mutum da son tashi, domin kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka tsira daga wannan ciwo suna faɗawa cikin baƙin ciki mai tsanani, wanda ya faɗa kuwa ba ya cin abinci, ba ya shan magani, ba ya yarda a motsa masa jiki, gaɓoɓin su sandare. Ya ƙara da cewa dariya mai ƙarfi tana sa dogon numfashi da tari, abin da ƙirjin mai doguwar kwanciya yake bukata. Sa'an nan ya ja mana kunne a kan abu biyu: kada a ba shi dariya da abinci a bakinsa, saboda haɗiya tana yi wa irinsu wuya, yana iya shaƙewa, kuma in aka ga yana dariya ko kuka haka kawai ba dalili, ya kasa tsayawa, a gaya masa, domin wannan wata alama ce ta raunin ƙwaƙwalwa, ba farin ciki ba ne.

Ni malamin ilimin halittu ne a makarantar sakandare, saboda haka hirar ta yi mana daɗi. Na ba shi labarin ɗan jaridar Amurka, Norman Cousins, wanda ciwon gaɓoɓi da ƙashin baya ya kwantar a 1964, ya riƙa kallon finafinan ban dariya, ya ce minti goma na dariyar ciki suna ba shi barcin awa biyu ba raɗaɗi. Majo ya ce shaidar mutum ɗaya ba ta kafa hujja a aikinsu, na ce haka ne, amma a 2011 Robin Dunbar da abokan aikinsa a Jami'ar Oxford sun gwada mutane da ƙanƙara da kuma abin awon jini da ake matse dantse da shi, suka ga waɗanda suka yi dariya tare sun fi jure zafi fiye da waɗanda suka kalli shirin da ba ya ba da dariya, suka danganta hakan ga sinadarin endofin mai rage raɗaɗi da jiki yake saki. Abin da ya fi burge ni a binciken shi ne dariyar ganin ido ba ta yi aikin ba, sai wadda ta taso daga ciki har ta gajiyar da mutum. Wani masanin kuma, Robert Provine, ya gano cewa mutum ya fi yin dariya wajen sau 30 in yana cikin jama'a a kan in yana shi kaɗai. Majo ya ce, “To, ai ka ga dalilin da ya sa tsohuwa ta aika Kano, ba ta kunna masa talabijin ba.”

Da dare samarin unguwa suna da fada, wato majalisar hira, a ƙofar gidan, suna dafa shayi har ruwa uku. Da zancen ya kai kunnensu, ɗaya ya ciro waya ya nuna mana bidiyon wasu mutane a Indiya, sun yi da'ira a fili, suna tafi, suna ɗaga hannu sama suna ƙyaƙyata dariya ba wanda ya ce komai. Na san labarin, na gaya musu cewa wani likita ne, Madan Kataria, ya fara abin a wani lambun shaƙatawa a Mumbai a 1995 da mutum biyar. Da farko labaran ban dariya suke ba juna, da labaran suka ƙare, wasu suka fara kawo na batsa da na cin fuska, sai ya koma ga dariya ba labari, haɗe da tafi da atisayen numfashi irin na yoga, bisa ra'ayin cewa in aka fara ta da gangan cikin taro, ana kallon juna, takan rikiɗe ta zama ta gaske. Yanzu kulob-kulob ɗinsu sun bazu ƙasashe da yawa, har suna da ranar dariya ta duniya a Lahadin farko ta watan Mayu, wasunsu kuma suna ɗaukar abin a matsayin tsarkake zuciya.

Samarin suka ce sai sun gwada. Suka miƙe su bakwai, suka yi da'ira a kan rairayi, suna tafi suna cewa ho ho, ha ha ha, da farko a daddafe, kowa yana satar kallon ɗan'uwansa, can sai mai dafa shayin ya yi tuntuɓe da buta, abin ya ƙwace musu, har wani ya kwanta a ƙasa. Wata tsohuwa ta leƙo ta katanga tana a'uziyya, ta ce a kawo garwashi a yi musu hayaƙi, yaran nan an shafe su. A ƙasar Hausa wanda yake dariya ba dalili, ko dai a ce ya taɓu, ko a ce iskoki ne. Ni ban raina dabarar likitan ba, na ga da idona tana kamawa, kuma mutumin babban birni da yake zaune a bene shi kaɗai, ba kaka ba taubashi, dole ya nemi inda zai same ta. Sai dai da a ce samarin nan sun shiga ɗakin taubashina sun yi masa ho ho, na tabbata bango zai ƙara juya wa fuska. Abin da ya juyo da shi shi ne an zo an taɓa shi a matsayinsa na da, an ƙi a yi masa kallon gawa, kuma wanda ya yi hakan mutum ne da al'ada ta hana shi yin fushi da shi.

Fuskar dattijon nan mai carbi ba ta bar ni ba, musamman da na ji ya gaya wa Gwaggo cewa yawan dariya yana kashe zuciya, ɗakin mara lafiya kuma wurin tuna Allah ne. Saboda haka bayan sallar magariba na tsaya wurin limamin masallacin unguwar, na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya saurara har na gama, ya ce, “Bakano da tambaya kyauta? To, zauna.” Ya ce hadisin da dattijon ya kawo gaskiya ne, amma yawa aka hana, irin na wanda ya mayar da rayuwarsa duka wargi har ya manta da makoma. Ya karanto aya ta 43 ta Suratun Najmi, inda Allah Ya ce Shi ne Ya sa dariya, Ya sa kuka, ya ce abin da Allah Ya jingina wa kansa ba za a kira shi ƙazanta ba. Ya kawo hadisin da ke cewa murmushinka a fuskar ɗan'uwanka sadaka ne, da maganar Jariru ɗan Abdullahi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa ganinsa ba sai ya yi masa murmushi, da labarin tsohuwar da ya gaya wa cewa tsofaffi ba sa shiga Aljanna, sa'an nan ya bayyana mata cewa da ƙuruciya za a shiga. Ya ambaci sahabi Nu'aimanu, wanda aka sani da barkwanci a Madina. Ya ce wanda ya shiga wurin mara lafiya da niyyar sauke masa nauyin zuciya, har ya ci abinci ya sha magani, ibada ya yi, ko da kuwa da tsokana ya shiga.

Sa'an nan ya kafa iyaka, kuma bai sassauta ba. Ya ce an yi wa wanda yake shirga ƙarya don mutane su yi dariya kashedi mai tsanani, ya kuma karanto aya ta 11 ta Suratul Hujurati da ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili. Wasan taubasai, in ji shi, ya kuɓuta ne saboda kowa ya san wasa ne, kuma duka ɓangarorin biyu sun yarda, amma kalmar bawa da muke jifan juna da ita, a kula da inda ake faɗinta, domin akwai gidajen da kakanninsu suka ɗanɗani bautar gaske, a kunnensu ba abin dariya ba ce. Camfin da ake yi cewa wanda ya yi fushi da abokin wasansa masifa za ta same shi, ya ce wannan ba shi da tushe, kuɗin shara kuma al'ada ce, ba ya cikin ibadar Ashura, wadda azumi ce. In an bayar da shi a matsayin kyautar zumunci, babu laifi. Da zan tashi ya ce in gaya wa Kanawa su dawo da takalman da suka ara.

Ranar Alhamis, wadda ita ce babbar ranar kasuwar Dole, na je na sayi alkaki da kilishi na tsaraba, na kuma canza 'yan kuɗi zuwa tsaba saboda yara. A ranar goma ga wata aka sha ruwa da tuwon gero da miyar kuka da aka dafa da busasshen naman layya da Gwaggo ta ɓoye tun Babbar Salla, aka ce kowa ya ci ya ƙoshi. Jikoki suka yi wa Gwaggo tsinke, 'yan matan suna kiranta kishiya, mazan suna cewa sun sake ta tun da ba ta da haƙora, tana korarsu da muciya tana raba musu dala biyar-biyar.

Washegari da safe taubashina ya ce a fito da shi zaure, karo na farko tun da aka dawo da shi daga asibiti. Mutum biyu suka tallafo shi, aka jingina shi da bango, ya sa aka miƙa masa tsintsiya a hannun hagu, ya ja ta sau biyu a gaban tabarmata, ya jefar, ya buɗe tafin hannu. Na ciro tsabar dala biyar na ajiye a kan tabarma ta wajen damarsa, na ce, “A garinku da hagu ake karɓar kyauta? Mu a Kano ba a koya mana haka ba. Da dama za ka ɗauka, in ba haka ba in mayar aljihu.” Ya harare ni. Majo, wanda yake tsaye a bakin zaure, ya yi wa matar alama da ido kada ta taimaka. Ya sa hannun hagu ya ɗago na daman daga wuyan hannu, ya ɗora shi a kan kuɗin, ya tsaya yana numfashi, gumi yana tsatsowa a goshinsa. Yatsun suka ƙi rufewa. Yara suka taru suna cewa, “Baba, kada ka bar wa Bakano!” Ya cije, manuniya da babban yatsa suka ɗan motsa, ba su kama ba, amma suka ja tsabar a kan tabarma sannu a hankali har ta iso gefen cinyarsa. Zauren ya kaure da shewa. Ya duba abin da ya sha wuya a kansa, ya ga dala biyar ce, ya ɗago ya ce, kalma ɗaya bayan ɗaya, “Rowar Kanawa ba ta da magani.” Sai da aka gama dariya na ciro jika biyar na sa masa a aljihu, ya ce wannan na bara ne, na bana yana nan yana bina.

Ta hanyar Magarya na komo, muka bi Bande da Tinkim, muka ƙetare a Babban Mutum. Ruwan sama ya tsare mu a hanya, motar ta kafe a wani kwari, muka fito muka tura, ban shiga Kano ba sai bayan isha'i, ta Ɓaɓura da Dambatta. Gwaggo tana aiko da saƙon murya duk mako. Yana cin abinci, yana shan ƙwayarsa, yana zama a zaure da hantsi yana duba yaran da ke yanka fata, yana yi musu faɗa in sun karkata wuƙa. Ƙafar ta fara ɗaukarsa da sanda, hannun kuwa har yanzu bai riƙe basilla ba, kuma Majo ya gaya mana kada mu sa rai da yawa a kansa. Kuɗin maganin wata-wata ni da yayyena muka raba a tsakaninmu, muna aikawa ta hannun wani direban Ɗan Barto, shi kuma taubashina yana sa a rubuta kowane aike a bayan wani tsohon littafin awo, a ƙarƙashin bashin shara.